Birki Ba Ya Gyaruwa da Mutum Ɗaya

Akawu mutum ne mai hankali a ko'ina, ban da inda jar motarsa take. Ofis an san shi da natsuwa, unguwa an san shi da gaisuwa, amma da ya ji ƙugin injin nan sai hankalin ya yi sallama da shi. Mota ce ƙarama mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar baƙi, gudu kawai ta iya. Duk ƙarshen wata sai ya kai ta filin tsere, shi da abokansa masu irin ciwonsa.

To wannan karon birki ya sa a gaba. Ya sayo sabbin takalman birki da tiyo mai saƙar ƙarfe, ya kwance kalifa, wato ƙarafan nan da ke matse faifan taya idan an taka birki, ya shafe su da jan fenti. Sai wani a cikin abokan ya ce masa fentin ba ya kamawa sosai sai an gasa shi. Bawan Allah bai yi shawara da kowa ba, ya jira matarsa ta fita, ya jera ƙarafan a cikin oben ɗinta.

Oben ɗin da take gasa kek na sayarwa, jama'a! Kek ɗin da ta yi washegari warin fenti yake yi kamar sabon gini, dole ta zubar, ta ba mai shi haƙuri. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Shiru kawai ta yi masa, irin shirun da ake ajiye wa mutum abinci a juya. Shi kuma, maimakon ya buɗe baki ya ce ta yi haƙuri, sai ya sayo sabulu ya wanke oben ɗin, yana ganin ai ya gama magana. Abin yana cinsa, don gidan ya yi masa faɗi, amma girman kai ya hana shi.

Ranar Asabar da hantsi ya mayar da komai. Saura cire iska daga cikin man birki, kuma wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya yana ciki yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana kwance wani ɗan noti mai huda don iskar ta fita. Abokin da ya yi masa alkawarin zuwa taya shi ya bugo waya, wai surukarsa ta zo. 'Ya'yansa 'yan biyu suna gidan kakarsu. Ga mota a kan jak, babu tayoyin gaba, ta tare ƙofar gareji, motar matar kuma tana can ciki a bayanta.

Yana tsugune yana sosa ƙeya sai ya ga ƙafafunta a gefensa. Ta ɗago masa wayarta: hoton kek mai hawa uku, na walimar da za ta kai da la'asar. Ta nuna motarta, ta nuna tasa.

"Maman 'yan biyu, wallahi ba ta motsawa sai an cire iska," in ji shi. "Idan za ki taimaka ki zauna a ciki, yanzu za mu gama."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe ƙofa ta zauna.

Ya yi mata bayani da rawar jiki. Idan ya ce taka, ta yi ta takawa. Idan ya ce riƙe, ta danne ƙafarta, ta kuma gaya masa ta riƙe, don in ya kwance notin alhali ta ɗaga ƙafa, iska za ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. A ransa murna yake yi, yau dai dole ta yi masa magana.

Ya kwanta a kan kwali, ya saƙala siririn tiyo a notin, ɗaya bakin a cikin kwalba.

"Taka! Yauwa. Riƙe!"

Sai ta danna ham.

Kansa yana daidai wurin. Ya zabura, goshinsa ya daki ƙarfe, sifana ta yi can. "Wayyo Allah! Haba Maman 'yan biyu, kisa za ki yi?"

Ya ji wani ɗan sauti daga sama, irin na mai danne dariya da mayafi. Da ya sake cewa riƙe, sai murya ta fito, a bushe: "Na riƙe."

Kalma biyu kacal, amma har cikin ransa ya ji sanyi.

Suka yi ta yi. Mai yana gangarowa cikin kwalba, yana tashi yana ƙara wani a tulun da ke gaban injin, yana komawa. Amma birkin ya ƙi tauri.

"Wannan abu kamar burodi nake takawa," in ji ta. "Har ƙasa yake kaiwa."

"Ƙara dai."

"Na ƙara. Da ma wa ya aike ka? Mota tana lafiyarta ka farke ta. Mutum da girmansa, da furfura a gemu, ya rasa inda zai gasa ƙarfe sai inda nake neman abincina!"

Daga nan bakin ya buɗe. Ta faɗi kunyar da ta sha a gaban mai kek, ta faɗi yadda ta yi ta shinshina kowane tire kamar marar hankali. Tsakanin kowace jimla tana cewa "na riƙe", ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akawu yana kwance yana shan faɗa, bakinsa har kunne. Bai taɓa sanin akwai ranar da zai ji daɗin faɗa haka ba.

A cikin wannan daɗin ne idonsa ya tsaya a kan notin da yake ta kwancewa. Bakin notin ƙasa yake kallo. Notin nan a saman kalifa ya kamata ya kasance, domin iska sama take taruwa. Ya leƙa ɗaya ɓangaren, shi ma haka. Ashe da ya shafe su da fenti alamar da ke jikinsu ta ɓace, ya ɗaura na hagu a dama, na dama a hagu. Ko za su kwana suna takawa, iskar nan ba ta da hanyar fita.

Ya kamata ya faɗa nan take. Amma in ya faɗa, za ta sauka ta koma kicin, shirun ya dawo. Sai ya ce, "Taka." Ta taka. Ya sake cewa, ta sake takawa, tana ba shi labarin yadda ƙanwarta ta ce in ita ce, da motar za ta sa a oben. Sai ya ji ta ja numfashi ta ce, a hankali, "Ƙafata ta fara ciwo fa. Kuma lokaci yana tafiya."

Nan kunya ta kama shi sosai.

"Maman 'yan biyu."

"Na riƙe."

"A'a, ɗaga. Laifina ne, na juya ƙarafan, sai na sake kwancewa. Kuma tun ɗazu na gani, na yi shiru."

"Tun ɗazu? Kana kallo ina ta wahala?"

"Muryarki nake ji. Na ji tsoron in na faɗa ki tashi." Daga ƙarƙashin mota, inda ba ya ganin fuskarta, maganar ta fi sauƙin fita. "Abin da na yi miki a oben ban kyauta ba. Sana'arki ce, na raina ta. Don Allah ki yi haƙuri."

Ya ji ƙofa ta buɗe, ya ce shi ke nan. Sai ga ta ta tsuguna a gefen taya, ta leƙo shi, idonta ya ɗan yi ja.

"Sai da ka shiga ƙarƙashin mota ka iya faɗa? Dubi goshinka kamar an dasa ƙwai. Wace sifana kake so?"

Ita ta riƙe masa notuna a gefen zanenta, shi yana kwancewa. Suka mayar da kowane ƙarfe gidansa. Da ta koma ciki ta taka, kumfa ta yi ta tsere a cikin tiyo, fut fut fut, har man ya fito garau.

"Kai! Ya yi tauri kamar dutse!" Da ihu ta faɗa, kamar motar tata ce.

Ya ɗaura tayoyi, ya sauke jak, ya gwada a hankali a layin gidansu, gaba da baya, birki yana kamawa cak. Ya fito zai wanke hannu don ta fitar da motarta. Yana dawowa ya tarar da ita a kujerar direba ta jar motar, ta matso da kujerar gaba, tana gyara madubi. Motar da ko ƙaninsa bai taɓa ba wa makullinta ba.

"Baban 'yan biyu, ɗauko kek ɗin. Ka zauna nan ka riƙe shi a cinya, kada ya karkace."

"Ke za ki ja?"

"Ni na taka birkin nan har ƙafata ta yi tsami. Ko ba ka yarda da aikinmu ba?"

Ya dubi motar, ya dubi matar. Ya je ya ɗauko kek ɗin da hannu biyu, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba. Ta tayar da injin, ƙugin ya cika layin, ta yi murmushi har haƙoranta suka fito.

"A hankali dai, don Allah," in ji shi.

"Kai dai riƙe."

"Na riƙe," in ji Akawu.