Gidan da Ba Shi da Rariya

Shekara talatin da ɗaya Magini ya yi yana gina wa mutane gidaje, shi kuwa yana zaune a haya, ɗaki biyu a bayan tashar mota. Ranar da gwiwarsa ta fara ƙara in ya hau tsani, sai ya ce to, shi ma lokaci ya yi da zai gina nasa. Fili a cikin gari ya fi ƙarfinsa. Wani dillali mai farin takalmi ya goya shi a babur, suka yi tafiyar awa ɗaya da rabi, ya sauke shi a wata unguwa a bakin tafki.

Rani ne lokacin. Ruwan yana can nesa, ƙyallinsa kawai ake hangowa. Tsakanin filin da ruwan busasshen taɓo ne ya tsattsage, awaki suna yawo a kai.

"Ruwan can yana zuwa nan?" in ji Magini.

"Leƙowa yake yi," in ji Dillali. "Gaisuwa ce kawai, ya koma."

"Har ina yake kawo gaisuwar?"

Dillali ya yi nuni da hannu, irin nunin da ya haɗa da filin da awakin da rabin sararin sama.

Magini bai kula shi ba. Ya taka zuwa katangar gidan da ke kusa, ya tsuguna, ya ga zanen da ruwa ya bari a jikinta, bai kai gwiwa ba. Ya auna da hannu, ya miƙe, ya ce ya saya. Shi ba yaudararsa aka yi ba, ya san ruwa yana zuwa. Abin da ya sani kuma shi ne ruwa abu ne da ake tarewa, kuma in ana maganar tarewa, a duk garin ba a yi wanda ya kai shi ba.

Matsalar tana gida. Uwargida ta saurare shi har ya gama, tana tsince wake a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba. Ita a bayan tashar nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, 'yarta ta fari tana aure layi biyu daga nan, kuma ba ta taɓa cewa tana sha'awar kallon ruwa ba.

"Zan bi ka, Malam," ta ce. "Amma ka ji da kyau. Ranar da na sa ƙafata a ruwa a tsakar gidana, a ranar zan dawo wurin 'yata. Ba yaji ba ne, ba faɗa ba ne. Kai ka zauna da kifayenka, in ka yi marmarina ka hau mota."

"Ko ɗigo ba zai shigo ba."

"Ni dai na faɗa."

Ya san ta. Shekara ashirin da tara bai taɓa jin ta maimaita magana ba, bai kuma taɓa ganin ta janye ba. Ya kuma san kansa: shi mutum ne da ko shayi bai iya haɗawa ba, kuma in ba ta a gida, zama yake yi a ƙofa kamar baƙo.

Ya fara aiki. Tun a satin farko ya lura da wani abu da ya ba shi haushi a unguwar. Kowace katanga da rami a gindinta, ba ƙaramar rariya irin ta gari ba, rami ne da ɗan akuya zai wuce ba tare da ya sunkuya ba. Wasu ma biyu ne, ɗaya ta wajen tafki, ɗaya ta wajen hanya. Mutum ya kashe siminti ya yi katanga, sannan ya buɗe wa ruwa ƙofa da hannunsa. Magini ya girgiza kai ya ce rashin sani ba daɗi.

Maƙwabcinsa wani tsoho ne masunci, kowa Baba yake ce masa. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a kan bulo guda, ya baza komarsa a cinya yana ɗinke inda ta yage, yana kallon aikin. Bai cika magana ba. Sai ranar da katangar ta zagaye, ya tashi ya bi ta daga farko har ƙarshe, hannuwa a baya, ya dawo ya zauna.

"Magini, ina rariyarka?"

"Babu."

"Mantuwa ka yi?"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa manta rariya ba, Baba. Wannan da gangan ne. Inda ruwa zai fita, ta nan zai shigo."

"Haka ne. To ruwan sama fa?"

Dama tambayar da Magini yake jira ke nan. Ya ja tsohon zuwa kusurwar tsakar gida, ya nuna masa sokawe, ramin da ya haƙa mai zurfin mutum biyu, ya jera masa duwatsu. Duk tsakar gidan an shafe shi da siminti, an karkata shi yadda ko kofi ɗaya ka zubar, can zai gangara, ƙasa ta shanye.

Baba ya leƙa ya daɗe. "Rami mai kyau," ya ce. "Sai dai da damina ƙasar nan ba ta shan ruwa. Ita ma a ƙoshe take."

"Baba, kai kifi ka sani."

"Shi kaɗai kuwa," in ji Baba, ya koma kan komarsa.

Ko ƙofar gidan bai bari haka ba. Ya ɗaga dokin ƙofa da layin bulo uku, ya yi masa filasta ciki da waje. Ranar da suka tare, sai da Uwargida ta tattare zani ta dafa kafaɗarsa kafin ta haura.

"Gida ne wannan ko randa?" ta ce.

"Za ki gode min."

Ruwan farko ya sauka, sokawe ya shanye. Na biyu ma haka, na biyar ma haka. Magini ya fara tafiya a unguwa yana kallon ramukan katangun mutane da tausayi. Kullum da safe sai ya zagaya bayan gida ya duba tafki, ya kafa tsinke inda ruwan ya tsaya. Jiya taku tamanin, yau saba'in da biyar. Yana dawowa ya ba Uwargida rahoto, ita kuwa ta ce masa an gode, ga shayinsa nan yana hucewa. Ta fara sabawa da matan layin, har ta dasa barkono a tsofaffin bokitai. Ya ƙirga bokitan, bakwai ne. Wanda zai tafi ba ya dasa bakwai.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ruwan ya fara, bayan kwana uku ana yi ana ɗaukewa. Ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake yi kamar an biya shi. Magini yana zaune a baranda yana gyara ƙotar cebur, sai ya ji wani sauti daga kusurwa, ɓul, ɓul. Ya duba. Murfin sokawe ne yake motsi. Ruwan da ya kamata ya shiga, fitowa yake yi.

Kafin azahar tsakar gida ya zama faranti guda na ruwa. Takalmin wanka ya taso ya wuce ta gabansa, ɗayan ya biyo baya. Buta ta bi su. Baranda taki ɗaya, wato matakala guda, ta fi tsakar gida tsawo, ruwan kuwa ya ci rabin takin.

Uwargida ta fito daga ɗaki da jakarta, ta ajiye a kan benci, ta hau ta zauna, ta naɗe ƙafafu. 

"Wannan ba ruwan tafki ba ne," in ji Magini. "Na sama ne."

"Ni na ce maka na tafki?"

Ya tuna. Ba ta ce ba.

Ya naɗe wando ya shiga da bokiti, ya fara kwasa yana watsawa ta kan katanga. Katangar kuwa shi ya gina ta, doguwa ce, rabin ruwan a kansa yake dawowa. Ya yi bokiti arba'in, ya tsaya ya duba takin baranda. Ruwan ya ƙaru da yatsa biyu. Ya jingina tsani ya hau ya leƙa waje, gwiwa tana ƙara. Tafki yana can, da sauran taku ashirin tsakaninsa da katanga, ko kallon gidan bai yi ba. Gidajen maƙwabta kuwa ruwa yana fita ta ramukansu yana gangarawa abinsa. A duk unguwar, gidan da ya cika guda ɗaya ne.

Sai ga kan Baba ya bayyana ta saman ƙofa, ya yafa buhu.

"Sannu da aiki, Magini. Namu bai iso ba, ashe kai ka riga ka yi naka."

Sannan Baba ya juya wajen baranda.

"Uwargida, sannu da gida. In kuna son kifi a ciki, ina da ƙanana."

"A bari dai a ga zurfinsa, Baba," in ji ta.

Magini ya sauko ya tsaya cikin ruwa har ƙauri. Ya dubi matarsa. Ta gyara zama a kan benci, ta ƙara janye yatsun ƙafarta ƙarƙashin zani. Sai a lokacin ya gane abin da take yi. Jaka a ɗaure take, motar la'asar mai shiga gari ba ta tashi ba tukuna, amma ƙafar nan ba ta taɓa ruwa ba tukuna, kuma da gangan ne ba ta taɓa ba. Lokaci take ba shi, iyakar abin da ya rage na takin baranda, kamar yatsa huɗu.

Ya shiga ɗakin kaya ya ɗauko babbar guduma.

A rayuwarsa ya rushe katangu da yawa, amma duk na wasu ne, kuma yana rushewa yana faɗin laifin wanda ya gina. Ya je gindin katanga ta wajen tafki, ya zaɓi wuri, ya ɗaga ya sauke. Guduma ta yi tsalle ta dawo, katanga ko gezau. Da wani ne ya gina, da bugu uku ya isa. Shi kuwa siminti bai yi masa rowa ba, har ramukan bulon ya cika da kankare.

Ƙarar ta tara mutane. Maza biyar suka zagaya ta waje, kowa da buhu a ka, suka tsaya suna ba da shawara.

"Ƙasa kaɗan, Magini!"

"Kai, wannan aiki ya yi kyau. Wa ya gina maka?"

"Ku bar shi mana, mutum yana gyara."

Ɗaya ya kawo guduma ya fara bugu ta waje. Ya yi goma ya ajiye, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin katanga mai taurin kai irin wannan ba, ya ɗauka mai ita ta biyo. Magini yana ji, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne wani ɓangare na zuciyarsa daɗi yake ji.

Sai da aka kusa la'asar bulo na farko ya faɗa waje. Ruwa ya bi shi da gudu, ya tafi da takalmin wanka ɗaya. Aka cire na biyu, aka cire na uku. Baba ya tsuguna ya auna ramin da hannu, ya ce a ƙara ɗaya. Magini ya ƙara ɗaya.

Ruwan ya janye daga takin baranda, ya bar laka da ganye. Magini ya zauna a kan guduma yana haki. Uwargida tana nan a kan benci.

Baba ya haura dokin ƙofa da ƙyar ya shigo, ya duba tsakar gida. "To madalla. Yanzu saura na tafki. Nan da sati biyu zai shigo ta ramin nan, ya yi kamar kwana goma, ya fita. Baranda ba zai hau ba, na ga tsayinta. Kowa haka yake yi a nan."

Magini ya rufe ido. Da tsohon ya bari sai gobe, da me zai ragu?

"Kwana goma," in ji Uwargida.

"Wata shekarar takwas."

"To matan nan, da yaya suke zuwa kicin? Iyo suke yi?"

"A'a, duwatsu ake jera musu. Daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofa. Tawa shekara arba'in ke nan, ƙafarta ba ta taɓa jiƙewa ba, sai in ita ta so."

Uwargida ta dubi jakarta, ta dubi ramin da ke katanga, ta dubi mijinta da siminti ya yi wa fari har gira. Daga can hanya aka ji motar la'asar tana hon, tana kiran masu shiga gari. Ta yi hon sau uku, ta ja.

"Malam."

"Na'am."

"Akwai sauran bulo?"

"Akwai."

Ya tashi ya fara ɗaukowa, biyu biyu. Ya ajiye na farko a gindin baranda, ya buɗe ƙafa ya yi taku ɗaya, ya ajiye na biyu.

"Dawo da shi baya," ta ce. "Takuna za ka auna, ba naka ba."

Ya dawo da shi baya. Ta ce kaɗan kuma. Ya ƙara matsowa da shi. Sannan ta sauko da ƙafa ɗaya daga kan benci, ta taka bulon farko, ta jijjiga shi ta ji ko yana rawa.