Ragon da Ya Cinye Ƙarshen Duniya

Zane na karanta a makaranta, ina da takardar shaida, kuma ba na son a manta da hakan. Shi ya sa da Baba ya ce, "Mastura, bayan Babbar Sallah za ki fara bin Gwaggonki Kalsum shago a kasuwar Idumota," na dube shi kamar ya ce in koma firamare.

"Baba, ai ina da aiki."

"Wane aiki? Matar nan mai tashi sama?"

Matar nan ita ce Hajiya Tsawa, jarumar da na ƙirƙira. Mayafinta walƙiya yake yi, tana ɗaga tirela da hannu ɗaya, kuma duk wata sai ta ceci Legas. A takarda nake zana ta, in ɗauka da waya, in saka wa masu karatu a intanet. Tun ina ƙarama nake haɗiyar littattafan jaruman Turawa da ake bajewa a bakin titi, na rantse sai na yi wa Hausawa tasu jarumar. Na jure dariyar 'yan ajinmu. Na jure zane cikin zafi babu wuta. Na jure matan unguwa masu cewa budurwar da ke wuni tana zana dodanni addu'a take bukata.

"In akwai masu karantawa, nuna min su," in ji Baba. "In babu, Idumota."

A da akwai su. Yanzu saura ƙawata Laila, ita ma na gano ba ta buɗewa, alamar tafi kawai take turo min. Da na tsare ta sai ta ce, "Ke Mastura, kada ki ji haushi. Dodo ya zo, gada ta karye, Hajiya ta mutu, wata mai zuwa ta tashi. Ni fa na gaji da zuwa ta'aziyyarta."

Na ce mata ba ta san adabi ba. Ban dai gaya mata cewa ni ma in na buɗe na Turawan na ga duniya za ta tashi, hamma nake yi ba. Maganin da basirata ta ba ni shi ne in ƙara wa dodon girma. Wannan karon ba Legas kaɗai zai haɗiye ba, duniya ce duka, har da wata.

Ana haka Baba da yayana Nazir suka dawo daga kasuwar Alaba Rago da ragon layya. Mu a hawa na biyu muke a Agege, babu tsakar gida, kuma wanda ya ɗaure rago a ƙasa ya san igiya zai tarar da safe. Don haka, kamar kowace shekara, aka hau da shi bene: Nazir na jan ƙaho, Baba na turawa ta baya, maƙwabciyarmu Iya Bose na ba da umarni da Yarbanci. Aka ɗaure shi a baranda. Barandar nan kuwa ita ce ofishina.

"To ni a ina zan yi aiki?"

"Ku raba," in ji Nazir. "Baƙo ne, ba daɗewa zai yi ba."

Ranar da na gama shafukan ƙarshe na shanya su a kan benci don tawada ta bushe, na shiga yin alwala. Na fito na tarar da rago yana tauna, ido a lumshe. Ya cinye dodon, ya cinye watan. Ƙafar Hajiya Tsawa ce kawai ke leƙowa daga bakinsa.

Nazir ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Barka, ƙanwata! Yau kin samu wanda ya kai littafinki ƙarshe."

Ban yi kuka ba. Ruwan alwala ne bai bushe a fuskata ba.

Don in tona wa ragon asiri na zana shi a gurguje, tun daga hawan bene har ƙafar da ke bakinsa, na rubuta "Ga ɓarawon" na saka. Kafin la'asar wayata ta cika da mutanen da na ɗauka sun bar duniya. Wata daga Mile 12 ta ce nasu ragon a banɗaki yake kwana. Wani direban tanka da ya maƙale a layin Apapa ya ce in taimaka in ƙaro, zaman ya ishe shi. Laila da kanta ta kira: "Me ya ci yau?" Suka raɗa masa suna Oga Bene.

Haushi ya kama ni. Shekara da shekaru ina karya gada ina gyarawa ba wanda ya tanka, sai rago? Amma na ci gaba, wai don in nuna musu wannan ba wani aiki ba ne. Na zana shi yana kallon motocin haya na danfo ta tsakanin ƙarafan baranda. Na zana Iya Bose tana zaginsa da safe, da yamma tana lallaɓowa da ɓawon doya. Na zana Baba yana latsa bayansa yana auna kitse, yana ba shi labarin wahalar Legas.

Da Sallah ta matso sai saƙonnin suka canza. "Kada a yanka Oga." "Ki sa ya tsere." Laila ta ce, "Ki kira Hajiya Tsawa mana ta ɗauke shi." Har na zana gefen mayafinta, sai na ajiye alƙalamin. Hajiya ta sha mutuwa ba wanda ya roƙa mata. Wannan sau ɗaya zai mutu, kowa kuma ya san ranar.

Ranar Sallah, bayan an dawo daga Idi, aka sauko da shi. A ƙofar gida muka tarar da mutanen da ban sani ba, cikin sababbin kaya, suna ɗaga waya. Baba ya zaci nama suka biyo.

"Ai ba a yanka ba tukuna, bayin Allah."

"Alhaji, sallama muka zo yi da Oga," in ji wata mata.

Baba ya dube su, ya dube ni. Na gyara mayafi na ɗaga hanci. "Ga su nan, Baba. Ka ce in nuna maka."

"Naki ne ko na ragon?" in ji Nazir.

Na yi kamar ban ji ba.

Aka yanka. Zanen ƙarshe igiya ce kwance a baranda, da ɓawon doyar da bai ƙarasa ba. Da hannu ɗaya na zana, ɗayan yana riƙe da soyayyar hantarsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi.

Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallon takardar.

"Zan ce wa Gwaggonki ta nemi wata," in ji shi. Ya juya zai shiga, sai ya dawo. "Amma tumbin nan da kike sa min ba nawa ba ne. A na gobe ki rage shi."

Ban rage ba.