Akwatin da Ke Ƙarƙashin Lambar Waya

Sau uku na gaya wa mai rajistar asibiti cewa akwai allurar da jinin maigidana ba ya karɓa, har kwalinta na nuna masa. Ya ce, "Iya, na rubuta. Ko so kike in sassaƙa a dutse?" Na ga yatsunsa suna buga kwamfuta, sai na ja bakina. Kafin yamma maigidana ya kumbura, numfashi ya gagare shi, ya cika. Likita ya rantse mini bai ga wani gargaɗi a fom ɗinsa ba.

Bayan wata huɗu ciwon ciki ya kwantar da autata a asibitin nan, don babu wani kusa da mu. Jinin ubanta ta ɗauko, tana ƙarama allurar ta taɓa kumbura mata fuska. Aka hau da ita sama, ni kuwa na kafe a gaban mai rajista.

"Na rubuta, Iya."

"Haka ka ce wancan karon. Nuna mini inda likita zai gani."

Da ya ga layi ya taru kuma ba ni da niyyar gusawa, sai ya kai ni wani ɗaki ƙarƙashin bene, wurin matar da ke tsara musu fom. Tabarau suke ce mata. Ɗakin duk wayoyi, ga fanka tana kuka.

"Kin kawo mana ƙara ne, Inna?" in ji ta, tana murmushi.

"Gawa ɗaya na ɗauka a gidan nan, 'yata. Ba zan ɗauki biyu ba."

Murmushin ya ɗauke. Ta buɗe fom ɗin auta na mai rajista a kwamfuta, ga rubutun nan. Ta buɗe wanda likitoci ke gani, babu. Ta daɗe tana kallo. Can ta kama akwatin lambar wayar dangi da 'yar kibiyar nan ta kan allon kwamfuta, ta ja shi gefe kamar mai ɗaga tabarma. Ga wani jan akwati kwance a ƙasa, da sunan allurar ɓaro-ɓaro.

"Bara aka ƙara na lambar waya," in ji ta a hankali. "Wanda ya ƙara shi ya ɗora shi daidai kan wannan."

Na ce ta buɗe na maigidana. Ta buɗe. Yana nan, a ƙarƙashin lambata.

Ta tura akwatin lambar wayar baya, ta sauko da shi ƙasa, ta fito da jan gaba.

"An gama?"

"A nan an gama. Kwamfutocin sama sai an kashe an kunna za su ɗauka."

Ta kira ɗakin marasa lafiya, waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ta yagi takarda ta rubuta sunan allurar da manyan baƙaƙe, ta danƙa mini. Ban san gwiwoyina suna da sauran gudu ba sai ranar.

Na iske auta zaune a gado, da 'yar auduga manne a damtsenta. Nas tana tura tirenta zuwa gado na gaba.

"Inna, kin daɗe," in ji auta. Ta sosa wuyanta. "Buɗe mini taga mana. Harshena ya yi nauyi."