Ƙofar da ke Kallon Ɗurumi

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka kawo mana Hajiya Karima ta shugabanci sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu ta Shinkafi. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Ni Armiya'u na shekara goma sha ɗaya ina bin ƙauyuka a kan babur, har sabuwar riga na ɗinka don wannan kujera, sai ga mace daga Ƙaura Namoda da jaka da tabarau. A ofis mu gaishe ta da ladabi, in ta ba da baya mu ce bari damina ta sauka mu ga yadda za ta yi da hanyar Jangeru.

Takardar farko da ta tarar a teburinta tawa ce. Na rubuta a rufe ƙaramin asibitin Tungar Jafaru, a mayar da ungozomar wurin, Turai, zuwa Shinkafi, domin shekara guda cur mata huɗu kacal suka zo awo. Dalilin kuwa layi ɗaya na ba shi: matan garin taurin kai gare su. Wa zai ce ban sani ba? Garinmu ne, can iyalina suke. Shekara uku kafin nan matata Hindu ta kwana biyu tana naƙudar fari a ɗaki, ɗan ya zo ba rai, alhali asibitin bai fi taku ɗari daga gidanmu ba. Wata da watanni ina yi mata faɗan zuwa awo, ita kuwa sai dai ta sunkuyar da kai. Ban taɓa yafe mata har zuciya ba, kuma da wannan zafin na rubuta takardar.

Hajiya ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta gani da idonta. Ran Talata muka tafi, ita a mota, ni a babur ina ƙunƙuni.

Mai gari ya tarbe mu a gindin ɗurumin da ke daura da asibitin, inda dattawa ke zama tun hantsi har la'asar. Mahaifina Malam Namadi na cikinsu, bisa buzunsa, da carbi a hannu. Hajiya ta rusuna ta gaishe su, sannan ta nemi izinin shiga gidaje. Kowane zaure a garin an rubuta masa “Ba shiga” da gawayi, kuma duk ma'aikacin da gwamnati ta taɓa turowa nan yake tsayawa. Ita ta tuɓe takalmi ta shige abinta. Awa uku muna jira, har na ce wa direba ina jin fura ta yi mata daɗi.

Da ta fito ba ta leƙa cikin asibitin ba. A bakin ƙofarsa ta tsaya, ta juyo tana fuskantar waje, ta kira ni.

“Malam Armiya'u, tsaya nan. Mi kaka gani?”

“Ɗurumi, ranki shi daɗe.”

“Ƙarƙashinai fa?”

Na ce dattawa. Ta rage murya ta ce gida goma sha ɗaya ta shiga, amsar duk ɗaya ce. Wace mace ce za ta ratso gaban surukinta da ciki, balle na fari, ta shiga ƙofar da kowa ya san abin da ke kai mace cikinta? Ba ta ce har da gidanmu ba, amma na ga takalminta a zaurenmu.

Ba ta nemi dattawa su tashi ba. Mai gari ta roƙa a fasa wata ƙofa ta baya, wajen lungun da mata ke bi zuwa rijiya, a kewaye ta da zana. Takardata kuwa ta ninke ta miƙo mini, kuma na fi son a ce zagina ta yi. Kafin lokacin kaka ya zo, Turai ta cika littafin awo ta aiko a ba ta wani.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai na ranar Talatar nan ne. Ban bi su Shinkafi ba, gida na shiga bayan la'asar, na sami Hindu tana tankaɗe. Na tsuguna kusa da ita, na tambaye ta don me ba ta taɓa gaya mini zancen ɗurumin ba. Ta amsa tana kaɗa rariya.

“Malam, mi za ni ce maka? In ce Baba shi tashi?”

Ni da kullum sai na durƙusa a gindin ɗurumin nan na gaishe shi, sannan na shiga ƙofar nan kaina tsaye.

Ta kakkaɓe garin da ke hannunta, ba ta dube ni ba.

“Kullum cewa kakai in tai. Ba ka taɓa tambaya ta abin da yah hana ni ba.”