Fistin na Huɗu

"Baba, ajiye sifanar nan mu tafi asibiti!"

Malama ta faɗa karo na uku, tana tsaye a kan tsohon bakaniken da ke maƙwabtaka da ita. Ya ci gaba da goge fistin na injin mota da gefen rigarsa, tari na girgiza shi.

"A wace motar? Taki ga cikinta a faranti."

"Na kira ta haya."

"Wannan mai hayaƙin? Gara in mutu a gida, da mutuncina."

Kwana tara ke nan da ya buɗe injin 'yar motarta. An gyaro silindojin, an kawo sababbin fistin huɗu. Kwana taran nan kuma ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, duk layin na ji, kowa sai "Allah ya sawwaƙe", ya wuce. Abin da ke ƙona ran Malama ke nan. Mutumin da ba ya yafe wa inji ƙaramin tari, nasa tarin ya ce sanyi ne.

Matarsa ta leƙo daga taga. "Ƙyale shi, 'yata. Shekara arba'in ina magana, injin kawai yake ji."

Malama ta naɗe hannun riga. "To, ni zan haɗa. Yana tashi ka shiga. Ka yarda?"

"Na yarda."

Baba bai yarda da ma'auni ba. Sai a shafa wa fistin mai, a sake shi cikin silinda, a ga yadda zai sauka.

"Kada ya faɗa kamar ɓarawo daga katanga. Ya sauka kamar tsohuwa a matakalar bene."

Uku suka sauka kamar tsofaffi. Na huɗu ya tsaya a tsakiya.

"A tura shi mana!"

"Haka kike tura karatu a kan yaran mutane? Fito da shi."

Awa biyu tana gogar silindar nan, tana zage-zage a ciki. Sai washegari da hantsi suka ɗaure kan injin, yana kan kujera yana nuna mata noti da sanda. Ta ajiye jakar kayansa a kujerar baya, ta murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

"Baba, taso! Ka yi alkawari!"

Ya ɗaga yatsa ɗaya, idonsa a rufe, ya karkata kai wajen motar.

"Ji na huɗun nan," ya ce a hankali. "Ya fi sauran ladabi."

Ta fito, ta kama hannunsa. Sandar ta zame ƙasa, kukan ƙirjin nan ya ɗauke. Matarsa ta zo ta dube shi, ta zauna a bakin ƙofa.

Maƙwabta suka fara taruwa. Ƙofar motar ta baya na buɗe, injin na ta aiki sumul, ruwa na ɗiga daga bututun salansa a kan siminti. Babu wanda ya miƙa hannu ya kashe shi.