Wankan Inna Dela 'Yar Fanya

Kun ga Zakiya tsaye a bakin ƙofar maƙwabciyarta Inna Dela da garwar ruwa, ku matan lungun nan na unguwar Mahjar a Jidda, kuka sunkuyar da kai kuka ci gaba da tsince shinkafa. Tun hantsi Inna Dela ta cika. Ga la'asar ta gabato, maza na jira da makara a masallaci, ba a samu mai kama wa Zakiya wankan gawar ba.

A tsibirin Fanya aka haifi Dela, inda mahaifinta ke fatauci tsakanin gonakin koko na Sifaniyawa, can kuma ta yi makaranta. Ta zo hajji da mijinta, ya rasu a Jidda, ba ta koma ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da ta mallaka harshen Sifaniyanci ne, sai ta raba wa 'ya'yan maƙwabta. In sun taso daga firamare sukan cika mata tsakar gida, ta koya musu gaisuwa da ƙirga da sunayen launuka cikin Sifaniyanci, ta soya musu ƙwai da dankali irin na can, ta sa su rawa suna tafi bisa kai. Takan ce jiragen ruwa na shigowa Jidda daga ko'ina, yaro mai harshe uku ba zai ƙare a dako ba.

Da ɓarin jikinta ya shanye, Hausa da Larabci suka bar bakinta, sai harshen ƙuruciya. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Yau da safe Mastura, wadda ke wanke matattun lungun, ta zauna a kanta tana laƙƙana mata shahada, Dela na maimaita wata magana ɗaya da Sifaniyanci har ta yi shiru. Mastura ta ɗauki mayafinta ta fita.

Zakiya ta same ta a gida, ta tuna mata azumin Litinin da Dela ba ta taɓa sha ba, da sahun da suke haɗawa a tarawihi.

"Da kunnena na ji, Zakiya," in ji Mastura. "Ina ba ta kalma, tana ba ni yaren coci. Ban sa hannuna. Halas, magana ta ƙare."

"Khala Mastura, kin san abin da ta faɗa?"

"Ke kin sani?"

Zakiya ba ta sani ba. Ba wanda ya yi tunanin tambayar yaran da Dela ta koya wa harshen, domin a lungun nan ba a saka yaro a maganar mutuwa. Zakiya ta koma gida ta tarar da 'yarta Bashira, 'yar aji uku, wadda ta ji maganar Inna Dela da safe ta katanga. Yarinyar ta ce Inna cewa take yi sanyi take ji.

Zakiya ta aika aka gaya wa Mastura. Mastura ba ta zo ba.

Zakiya ta koma gidan Inna Dela, ta kunna risho, ta ɗora ruwan ya yi ɗumi, ta jiƙa magarya. Ta wanke ɓangaren dama iyakar inda hannunta ya kai. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya gangaro lungu, masu wucewa na tattare zane suna tsallakewa.

Mutum ɗaya ba ya iya juya gawa. Ku ajiye shinkafar, ku cire takalma ku shigo.