Akwatin Inna a Garin Kwali

Daren jiya na yi wani irin mafarki, har yanzu ban gama gane kansa ba. Amma bari in fara faɗa muku abin da na kwanta da shi a rai, don kada ku ruɗe kamar yadda na ruɗe.

Sunana Nazifi. Sana'ata yankan kwali. Ina haɗa katin gaisuwa da 'yan akwatunan saka kyauta, na suna, na biki, na barka da sallah, a shagon Malam Tanimu da ke bakin tasha a Gumel. Karatuna bai yi nisa ba, don haka Malam ne mai rubutu, ni nawa ninki da ado. To, an samo mini irin wannan aikin a Fatakwal, motar safe zan bi, kuma ba wanda ya san ranar dawowata. Shi ne na zauna na haɗa akwatin da hannuna bai taɓa yin kamarsa ba, kore mai furanni, na sa man zafi na gwiwa da ɗan turare a ciki. Na Inna ne.

Inda gizo... a'a, bari in faɗa kai tsaye. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta karɓar abu daga hannuna. Ƙanwata Hansatu kuwa, sunanta ba ya barin bakin Inna daga safe har dare. Ni "wancan" ne, ko "mai ɗakin nan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani. Amma ta yaya zan ba ta akwatin mu yi sallama? Da wannan tunanin na kwanta, akwatin yana gefen matashina.

Sai ga ni tsaye a bakin tasharmu da rana tsaka, akwatin a hannuna. Garinmu ne, amma duk na kwali. Gidaje na kwali, bishiyar darbejiya ta kwali, ita kanta ranar an yanko ta ne da almakashi, kuma wanda ya yanko ta bai iya ba, gefenta duk ya karkace. Abin ya ɗan dame ni, amma ba aikina ba ne, sai na ƙyale ta.

Wani dattijo ya zo wucewa. Da ya iso gabana sai ya kama ƙirjinsa ya buɗe shi gida biyu kamar kati. Akwai rubutu a ciki.

"Karanta ni mana," in ji shi.

"Baba, ka yi haƙuri, ina haɗa baƙin ne."

"Ina wuni ne kawai. Yaran yanzu, sai mutum ya bushe a rana." Ya rufe kansa ya wuce.

Na laluba ƙirjina don in amsa, ban sami wurin buɗewa ba.

Sai ga ni a shago. Malam Tanimu yana durƙushe a tsakiyar titi, ya ɗora rula a kan kwalta yana jan layi da bayan cokali, yadda muke yi wa kwali kafin ninki don kada ya tsage.

"Malam, me ake yi?"

"Hanyar Fatakwal nake ninkewa. Ta yi tsawo da yawa. In na haɗa bakinta da bakinta, taku ɗaya za ka yi." Ya ɗago ya dubi hannuna. "An buga wa wannan hatimi?"

"Wane hatimi?"

"Nazifi, Nazifi. Kyauta ba hatimi? Ka tafi ofishin gaisuwa. Ka yi sauri, ga motarku can ana liƙa mata taya."

Na duba, da gaske ne. Direba yana shafa wa taya gam yana hura mata iska da baki.

Ofishin gaisuwa yana cikin wani ƙaton akwatin takalmi. Wata zabuwa ce a kan tebur, da tabarau, tana tauna goro. Ta karɓi akwatina ta ɗora a sikeli, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta shinshina.

"Waye ya yi ninkin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ba laifi. Murfin ya ɗara gindin kaɗan, haka ake so. Wa za a kai wa?"

"Inna."

"Innar wa? Garin nan kowa da Innarsa."

"Tawa."

"To, ga doka. Mai karɓar kyauta za ta kira sunan mai bayarwa da ƙarfi, in ji da kunnena, in buga hatimi, sannan murfi ya buɗe. In la'asar ta yi ba ta kira ba, akwatin zai koma shimfiɗaɗɗen kwali. Kai ma haka. A ɗaure ku da igiya a jefa bayan mota, ba sallama."

"Ranki ya daɗe, ni fa ɗan fari ne."

Ta cire tabarau ta goge da fiffike. "Ayya. Ai da ka faɗa tun farko. 'Yan fari suna bayan ƙofa."

Na leƙa bayan ƙofa. Mutane ne a jingine da bango, a jere, shafe-shafe kamar kwalin da bai shiga aiki ba. Wasu har da furfura. Na gaba-gaba ya motsa ido ya dube ni.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Me ka kai mata?"

"Man gwiwa."

"Ni bargo ne."

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun ina da haƙora. Don Allah ka ɗan gyara mini tsayuwa, ina zamewa."

Na gyara shi. Bai fi nauyin faifai ba.

Ina fitowa hadari ya haɗu. Ba ruwa aka yi ba, gam ne, fari, mai kauri, yana sauka a hankali. Kowa ya liƙe a inda yake. Ni kafaɗata ta liƙe da ta wata mata mai tallan murafe. Murafe kawai take sayarwa, ba akwatunan.

"Hajiya, in mutum ya sayi murfi, me zai rufe?"

"Wannan kuma matsalar gidansu ce. Kai ina za ka kake ta zumuɗi?"

"Gida. Kafin la'asar."

"To ka daina motsi. Gam in ana motsa shi ba ya kamawa, in bai kama ba ba ya bushewa, in bai bushe ba ba a ɓamɓarewa."

Gaskiya ta faɗa, ni ma haka nake gaya wa masu gaggawa a shago. Na tsaya cak, na rufe akwatin da rigata. Muna nan tsaye na ji wani abu a cikina, kamar an ja layi da bayan cokali daga wuyana har cibiya. Na duba. Alamar ninki ce ta fara fitowa. Ba zafi, amma ban ji daɗinta ba.

Sai ga ni a unguwarmu. Gidanmu yana nan, amma da na nufi ƙofa sai gidan ya juya mini baya. Na zagaya, ya sake juyawa. Na yi sallama, ya sunkuyar da rufinsa. Muka yi ta zagaye ni da gida, har sai da na yi kamar zan wuce gidan maƙwabta, sannan na faɗa zaure ta gefe.

Hansatu na tsaye a zaure tana cin furen takarda.

"Yaya, kawo in kai mata, kamar kullum."

Na miƙa mata. Yana taɓa hannunta ya yi nauyin dutsen niƙa, ta kusa kifewa. Ta mayar mini, ya koma ba nauyi.

"Yaya, me ka zuba a ciki? Bulo?"

"Man gwiwa ne."

"To gwiwar wa zai gyara, bayan ya karya tawa? Kai da abinka."

Inna tana tsakar gida kusa da turmi, ta ba ni baya, tana tankaɗe ƙyalƙyalin da muke barbaɗa wa kati. Ita kaɗai ce ba ta kwali ba a duk garin. Na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara irin ta kwali sabo. Na ɗaga kai, ga zabuwa a kan katanga da hatimi a ƙafarta, ga kuma ranar nan karkatacciya wani ya sa tsani yana sauko da ita.

"Baiwar Allah," in ji zabuwa, "wa ya kawo miki kyauta? Faɗi sunansa."

Inna ba ta juyo ba. "Hansatu," ta ce.

"Ba ita ba."

"Tanimu mai shago."

"Ba shi ba."

Inna ta kira sunan maƙwabta, ta kira na mai kayan miya, ta kira na tunkiyar da muka sayar bara. Duk wanda ta kira sai ya leƙo ta katanga ya ce na'am, har tunkiyar. Katanga ta cika da kawuna, kowa yana kallonta.

"Saura ɗaya," in ji zabuwa. "Ga shi nan a bayanki. Ke kika haife shi ko aro kika yi?"

Inna ta dakata da tankaɗe. Na ga gumi a bayan wuyanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai na ga layin ninki ya fara fitowa a bayanta, daga wuya zuwa ƙugu, irin nawa. Ban san dokar ta haɗa da ita ba.

"Ranki ya daɗe," na ce, "a bar ta."

"Me ka ce?"

"A bar ta haka. Ba na so ta faɗa. A ninke ni kawai, amma don Allah a bi layi, kada a tsage ni."

Na ajiye akwatin kusa da turmi na kwanta a ƙasa. Na ji ƙafafuna suna shafewa, sannan cikina. Daga waje na ji direba yana danna ham, amma ham ɗin tari yake yi. Gefen akwatin ɗaya ya saki, wani fure ya faɗo.

Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Turmi," ta ce.

Turmi bai ce komai ba. Turmi ne.

"Turmi, ka tambayi mai akwatin nan, wa ya gaya masa gwiwa na damuna?"

Bakina bai gama shafewa ba. Na ce, "Turmi, ka gaya mata ba wanda ya faɗa. Ina ganin yadda take dafa bango in za ta tashi daga sallaya."

"Turmi, ka ce masa ta dama ce ta fi."

"Turmi, ka ce mata a shafa safe da dare, a ɗaure da tsumma."

"Kai, kai, kai!" in ji zabuwa tana buga fiffike. "Wannan ba ya cikin doka. Suna na ce. Turmi ba ma'aikacinmu ba ne."

Inna ta ci gaba da tankaɗe. "Turmi, ka gaya wa tsuntsuwar can gobe ina da baƙi, kuma ban san me zan sa a miya ba."

Zabuwa ta dubi Inna, ta dubi tukunya. Ta diro daga katanga ta buga hatimi a kan akwatin, ta buga a goshina, ta buga wa turmi ma don kada a yi kuskure, ta bi ta magudanar ruwa ta fice. Murfi ya ɗaga da kansa. Ƙamshin turare ya cika gidan, cikina ya fara dawowa kamar ana hura balan-balan.

"Turmi," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa, "ka gaya masa in ya isa can..."

Na kasa kunne. Sai turmin, da bai taɓa magana ba, ya zaɓi wannan lokacin ya buɗe baki. Ya ce dum. Ya sake cewa dum. Na ce ya yi shiru in ji, ya ce dum, dum, dum.

Na buɗe ido. Gari ya fara wayewa. Daka ake yi a tsakar gida, ƙamshin yaji ya shigo har ɗaki. Na shafa cikina, ba layi. Akwatin yana nan gefen matashi da murfinsa.

Na ɗauka na fita. Inna ce, ta ba ni baya, tana daka yajin da zan tafi da shi. Na durƙusa a gefe. Sai na ji bakina ya ce, "Turmi, ina kwana."

Taɓarya ta tsaya a sama.

Inna ta dubi bango. Kafaɗunta suka fara motsi, ta sa bakin mayafi ta toshe baki.

"Hansatu!" ta ce, amma ba da ƙarfi ba. "Zo ki ga wancan ya fara gaida turmi. Zo ki karɓi abin hannunsa tun bai kai ga gaida muciya ba."

Hansatu tana ɗaki tana minshari, ni da Inna duk muna jin ta. Muka jira ta ɗan lokaci. Sannan Inna ta jingine taɓarya, ta goge hannunta a zani sosai, ciki da baya, ta miƙo shi ta gefe, fuskarta na kallon bango.